Filin Tambayoyinku: Kwamfutar makaranta da yarinyar da ba ta son fuskarta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a Funtuwa, ina koyar da 'yan aji biyu. Akwai ɗalibata 'yar shekara 13 da ba ta yarda a ɗauke ta hoto sai da filta, kuma na gano ta fara shafa man bilicin na yayarta. A aji kuwa sunaye ake liƙa wa juna: wannan "tsinke", waccan "lukuta", waccan "baƙa". Muna da ɗakin kwamfuta da majigi. Shin za su yi mini amfani, ko kuwa ƙara ɓata lamarin za su yi?

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki da alheri da kika lura, don sau da yawa sai fata ta fara ƙonewa ake farga.

Tsoronki yana da tushe. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da binciken cikin gida na kamfanin, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram, wanda mallakin kamfanin ne, na ƙara musu. Amma wannan waya ce a hannun yarinya ita kaɗai da dare. Ɗakin kwamfuta da malama a ciki wani abu ne dabam.

Shawarata, kada ki kunna musu bidiyo ki ce su yi shiru su kalla. Ki sa su yi aikin da hannunsu. Ki samo hoton wata babbar mace da ba su sani ba, ki buɗe shi a manhajar gyaran hoto, ki raba su rukuni-rukuni. Su haskaka fatar, su goge kurajen, su matse hancin, su ƙara ƙugu. Sannan a haska hoton asali da gyararren a bango gefe da gefe, ki tambaye su: minti nawa ya ɗauke ku? Wa zai ci riba idan na yarda haka ya kamata in zama? Yarinyar da ta ƙirƙiro "fara sol" da yatsanta cikin minti biyu ba za ta ƙara kallon hotunan TikTok da idon da take kallonsu a da ba. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta cewa an gyara hoton talla idan an sauya surar jiki, amma ni na fi yarda da abin da yaro ya gwada da kansa fiye da rubutu a ƙasan hoto.

Bayan nan ki ba su aikin rubuta wa wata ƙanwa 'yar aji ɗaya saƙo, suna hana ta bilicin. A kan irin wannan dabara wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Eric Stice, ya gina shirinsa na taimaka wa 'yan mata su yarda da surar jikinsu: wanda ya yi jayayya da wani ra'ayi da bakinsa, ra'ayin yakan saki zuciyarsa.

Ki kula da darussan da za ki sauko da su daga intanet. Yawancinsu an yi su ne don yaran Turai da Amurka masu fafutukar ramewa. Namu sun fi damuwa da hasken fata da cikar jiki, shi ya sa ake shan sha-ka-fashe. Ki kawo maganar nan fili. Ki gaya musu cewa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar ƙasa, kuma sinadarin makuri da ke cikin wasu mayukan yana lalata ƙoda.

Kada ki taɓa haska hoton ɗalibarki a bango, kada kuma a auna nauyin kowa a gaban aji. Maza ma a sa su, ko da a zama na dabam. Su ma suna cikin masu liƙa sunayen, kuma gajeren cikinsu da wanda muryarsa ba ta buɗe ba suna shan tasu tsokanar.

Ita kuwa ɗalibar taki, kwamfuta ba za ta wadatar ba. Ki kira ta gefe ba tare da faɗa ba, sannan ki nemi mahaifiyarta, tunda man daga gida yake fitowa. Idan fatar ta fara ja ko tabo, a kai ta asibiti, don wasu mayukan idan aka daina su farat ɗaya fatar takan yi bore, gara likita ya tsara yadda za a janye.