Ku Tambaya Mu Amsa: Waye sarkin 'yan lamba huɗu a NBA?

Salamu alaikum jama'a. A fitowar da ta wuce na yi suɓutar baki na ce duk tarihin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a yi ɗan lamba huɗu kamar Tim Duncan ba, toh tun ranar wayata bata huta ba, har wani ya tare ni wajen cin ful da tamis a Karantina yana neman ba'asi, shayina ya huce muna gardama. Ga kaɗan daga saƙonnin.

TAMBAYA: Malam dan Allah ni ban ma gane wannan lamba huɗun ba. Tunda aka yi gasar Asiya a nan Jidda a watan Agustan 2025 yarana suka zauce da ƙwallon kwando, kullum musu a falo. Wata uwa daga Jidda.

AMSA: Hajiya Allah ya shirya mana su. Mutum biyar-biyar ake bugawa, lamba ɗaya shine mai raba ƙwallo, lamba biyar shine zanƙalelen da ke tsaye gindin kwando wato senta, shi kuma lamba huɗu na kusa da shi ne, Turawa na ce masa fawa fowad, ba fawar mahauta ba, kodayake a da aikin ya so ya yi kama, ture ne da gwiwar hannu da ƙugu. Shi ake so ya cafke ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, abin da yaranki ke cewa ribawun, ya tare masu shigowa, ya ci maki a kusa da kwando. Yanzu kam an ƙara masa da jifa daga nesa.

TAMBAYA: Kai malam ka ji tsoron Allah. Karl Malone maki 36,928 ya ci, Duncan ɗinka 26,496, tazarar ta fi dubu goma, ta ina ya fi shi? Ni tun ina Kano nake kallon Utah a kaset. Wani direba daga Makka.

AMSA: Yayana lissafinka daidai ne ban ja ba, Malone shine na uku a yawan maki bayan LeBron James da Kareem Abdul-Jabbar, ya zama gwarzon shekara sau biyu, 1997 da 1999, kuma jikinsa kamar na ƙarfe, shekara 18 a Utah da kyar ka ji an ce yau bai buga ba. Shi da John Stockton wasa ɗaya suke maimaitawa, Malone ya tsaya ya tokare mai gadin Stockton sannan ya zame ya nufi kwando a miƙo masa, kowa ya san abin da za su yi amma hanawa ta gagara.

Amma tunda kaset kake kallo ka tuna min ƙarshen wasa na 6 a fainal ɗin 1998 tsakanin Utah da Chicago. Utah na gaba da maki ɗaya, saura ƙasa da daƙiƙa 20, Stockton ya ba Malone ƙwallo ya juya baya yana ture mai gadinsa Dennis Rodman, bai ankara ba Michael Jordan ya zagayo ta bayansa ya make ƙwallon daga hannunsa ya tafi da ita ya jefa, aka tashi 87 da 86, halas. A fainal ɗin 1997 ma a wasan farko ana kunnen doki saura daƙiƙu ya ɓarar da jifan kyauta guda biyu, Jordan ya zo ya ƙarasa. Ba wai ina ce rago bane, Jordan ya hana mutane da yawa kofi, amma sau biyu ƙwallo na hannunka a lokacin da gari ya yi tsit kuma sau biyu ta kuɓuce, dole a rubuta. A 2003 ya koma Lakers neman zoben da ake ba waɗanda suka ɗau kofi, gwiwa ta ci amanarsa, Detroit ta cinye su a fainal ɗin 2004.

Shi kuwa Duncan kofi 5 ne, 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014, ka duba tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 15, abokan wasa sun canza, salon wasan NBA ya canza, shi da koci Gregg Popovich suna nan. Kaka 19 a San Antonio ba a taɓa zuwa zagayen neman kofi na ƙarshen kaka ko sau ɗaya babu su ba. Kuma abin da maki baya nunawa shine tsaro, sau 15 ana sa shi cikin zaɓaɓɓun masu tsaron baya, ba wanda ya kai haka. Wasan da ya rufe fainal ɗin 2003 da New Jersey ya ci maki 21, ribawun 20, ya ba da 10 aka ci, ya kaɓe 8 a sama, ya gama ya fita fuska ba yabo ba fallasa kamar wanda ya dawo daga cefane. Shi yasa yaran yanzu basa son bidiyonsa, ba ya tsalle yana ihu, sai dai ya tsaya ta gefen hagu ya daki allo ƙwallo ta faɗa. Wai kuma mutumin nan ninƙaya ya fara a tsibirinsu Saint Croix, sai da guguwar Hugo ta 1989 ta lalata musu wurin ninƙayar sannan ya waiwayi kwando.

Abu ɗaya da zan yarda a kama ni da shi, masu cewa ai Duncan senta ne aka sa masa rigar lamba huɗu, musamman bayan David Robinson ya yi ritaya a 2003, suna da 'yar gaskiya. Amma kyaututtukan gwarzon shekara na 2002 da 2003 yana lamba huɗu ya karɓe su.

TAMBAYA: Mun yarda da Duncan. Amma a ɗakinmu an rabu biyu kan Dirk Nowitzki da Kevin Garnett, kowa kofi ɗaya da gwarzon shekara ɗaya. Raba mana gardama. Ɗalibai daga Madina.

AMSA: Ƙannena wannan ce tambayar da ta hana ni barci, don in na faɗi ɗaya da safe zuwa la'asar na canza. Dirk Bajamushe ne daga Würzburg, kaka 21 a Dallas bai taɓa sauya riga ba, maki 31,560, kuma shi ya koya wa dogaye cewa ba laifi bane ka tsaya nesa ka yi jifa, wannan jifan nasa da yake ɗaga gwiwa ɗaya yana kwantawa baya yanzu kowa na kwaikwayo. Ya sha gori wlh, 2006 suna gaba da Miami 2 da 0 a fainal suka zubar, 2007 suka ci wasa 67 ya zama gwarzon shekara sai ga Golden State da ta zo ta takwas a teburin yankinsu ta kore su a zagayen farko, aka ce masa lusari. Sai 2011 ya share Lakers masu riƙe da kofi 4 da nema, ya zo ya tarar da LeBron da Wade da Bosh a Miami, da jijiyar yatsa a tsinke, wasa na 4 da zazzaɓi a jikinsa, ya ɗauke kofin. A wurina ba kofi ɗaya da ya kai wannan nauyi.

Garnett kuma matsalarsa gidan da ya faɗa. Daga sakandare Minnesota ta ɗauke shi a 1995, shekara bakwai a jere ana fitar da su a zagayen farko, shi ne mai ci shi ne mai ribawun shi ne mai rabawa shi ne mai gadi, kamar almajirin da aka bar wa aikin gida duka. A 2004 da aka samo masa mataimaka na kirki ya zama gwarzon shekara suka kai wasan kusa da fainal. Da ya koma Boston wajen Paul Pierce da Ray Allen, kakar farko 2008 ya ɗau kofi ya haɗa da kyautar gwarzon mai tsaron baya.

Toh ni Garnett nake sawa na biyu, Dirk na uku, da tazarar da bata kai gashin gira ba. Dalilina, Dirk in jifa ya ƙi shi a rana sai a nemi inda za a ɓoye shi a tsaro, Garnett ko bai ci maki goma ba ya hana ku sakat. Wanda ya juya su ba zan yi fushi ba, ku dai kar ku makara darasi.

TAMBAYA: Baba kun tsufa ne kawai, Giannis ya wuce duk waɗannan. Wani matashi haifaffen Shara Mansur, Makka.

AMSA: Ɗana na gode da tunin tsufa. Na san abin da ya sa kuke son yaron nan, kuma ni ma shi ne. An haife shi a Atina ta Girka a 1994, iyayensa 'yan Najeriya, uba Bayarbe uwa Ibo, sunan gidan ma Adetokunbo ne rubutun Girkawa ya mai da shi Antetokounmpo, ya taso a unguwar Sepolia yana tallan agogo da tabarau a titi, har ya kai shekara 18 ba takardar Girka ba ta Najeriya, sai a 2013 dab da Milwaukee za ta ɗauke shi a matsayin na 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa aka ba shi ta Girka. Duk wanda aka haifa a nan ya san zullumin iƙama, wato takardar izinin zama, ba sai an yi masa fassarar wannan ba.

A wasa kuwa gwarzon shekara 2019 da 2020, ya haɗa da na tsaro a 2020 ɗin. Wasa na 6 da Phoenix a 2021 a nan ya faɗo da asubahin washegarin Babbar Sallah, muna zaune da ragowar soye a faranti ana ta leƙa agogo kar a rasa jam'i, mutumin da ake ƙirga masa daƙiƙu ana tsokana in zai yi jifan kyauta ya jefa 17 cikin 19, ya tashi da maki 50, Milwaukee ta ɗau kofin farko tun 1971. Na sa shi na huɗu, gaban Malone, direban Makka ya yi haƙuri. In ya ƙara kofi ɗaya zan ɗaga shi sama da Dirk da Garnett ba tare da na nemi shawarar kowa ba, amma Duncan da sauran tafiya, ɗaya da biyar ba ɗaya bane.

Kuma kafin a turo, eh na san Charles Barkley, shine na shida. Tsawonsa a takarda santimita 198 ne kawai amma ya fi kowa ribawun a 1987, ya zama gwarzon shekara 1993 a Phoenix, shi ma Jordan ne ya tare masa hanya.

TAMBAYA: Ina ka bar Hakeem Olajuwon, ɗan'uwanmu Musulmi da ke wasa da azumi a bakinsa? Wani dattijo daga Ta'if.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba, ban manta da shi ba, ɗan Legas da ya ba Houston kofi a 1994 da 1995. Senta ne, lamba biyar, layinsu daban da su Kareem da Shaquille O'Neal. In Allah ya kai mu fitowa ta gaba su za mu taɓa, masu zagi su tanadi data.