Amsa ga ɗan'uwan da waifai ke yanke masa in yana tura fayil

Malam, ina karanta tambayarka na ce wannan ai ciwona ne. Ka ce waifai ɗin gidanku lafiya lau in ana WhatsApp da YouTube, amma da ka fara tura babban fayil daga laftof zuwa ɗaya kwamfutar sai ya yanke a tsakiya. Wallahi abin nan ya ba ni wahala ba kaɗan ba.

Ka fara cire batun layi daga ranka, fayil ɗin da ke tafiya tsakanin kwamfutoci biyu a gida ɗaya ba ya fita intanet, rauta ce, wato na'urar da ke ba da waifai, kawai ke ɗaukar kayan, kar wani ya sa ka canja sim a banza.

Ni haɗa bidiyon biki nake yi a gida. Akwai ranar da nake tura bidiyon kamu da dina kusan 40GB, ƙanin ango na zaune a zaure yana jira zai kama motar Kaduna, abu ya haura kashi 90 sai kawai ya tsaya cik, a sake daga farko, ya ƙara tsayawa, ina fita ina ba yaron nan haƙuri har aka kira magariba, uwar amarya kuma tana ta bugo waya tana cewa ita da ma an faɗa mata ba na cika alƙawari. Washegari na kai wa wani mai gyara, ko kunna laftof ɗin bai yi ba ya ce katin waifai ya mutu. Na biya ya canja, babu abin da ya sauya, sai ya ce to sai an yi fomatin. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a kawar da kai yake yi, na bar shi da Allah.

Ashe matsalar eksitanal ɗina ne, wato hadis ɗin waje da nake ajiye bidiyo, mai USB 3.0, mai bakin nan shuɗi, na soka shi dab da ɗan abin kama waifai ɗin da ke maƙale a bayan kwamfuta. In yana aiki yana fitar da sigina da ke danne 2.4GHz, wato zangon da waifai ke bi, kamfanin Intel ma ya yi bayanin hakan tun 2012. Wata 'yar igiyar ƙari na sa na nesanta su, shi ke nan.

Naka zai iya zama daban fa. In ya yanke ka yi maza ka kalli fitilun rauta. In sun mutu sun dawo, wayoyin gidan duk sun sauka, to zafi ne ko caja. Taɓa ta ka ji, a watan Afrilu garin nan yana wuce digiri 40, ga mutanenmu da ɗora ta a kan dikoda a rufe da kyalle saboda ƙura. Cajar kuma ka duba abin da aka rubuta a gindin rauta, in 12V 1.5A take so kar ka sa mata mai 1A, balle in a kan janareta kuke.

In kuwa laftof ce kaɗai ke sauka, shiga Device Manager na Windows, ka nemo katin waifai, a Power Management ka cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin batir. Sannan in rautarku na da 5GHz ka koma can, ba 5G na layin waya ba ne, sai dai ba ya jure bangon bulo, ka matso kusa. In 2.4 kaɗai gare ta kuma maƙwabta kowa da tasa, shiga saitin rauta ka gwada tasha 1, 6 ko 11.

Ni dai yanzu duk aikin kuɗi da kebul nake turawa, kebul ɗin haɗa kwamfuta da rauta irin Cat6 ana samu a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma ba na goge katin kyamara sai mai biki ya karɓi kayansa a hannu. Ka faɗo mana wace irin rauta ce, da abin da fitilun suka yi.