Wayata ta cika, kwamfuta kuma ta ƙi ganinta: me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Agege, kuma hotunan kaya da bidiyon da nake tura wa masu saye sun cika mini waya. Na jona ta da kwamfutar ɗana don in kwashe su, amma caji kawai take yi. Wasu sun ce in sayi filas, wasu sun ce in canza waya. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayi ko ɗaya tukuna, domin sau da yawa laifin na igiyar caji ne. Akwai igiyoyin da aka ƙera su don caji kaɗai, babu siraran wayoyin ƙarfe da ke ɗaukar bayanai a cikinsu. A ido ba a bambance su da masu kyau. Ki fara gwada igiyar da ta zo tare da wayar, idan kuwa ta ɓace, ki je Computer Village a Ikeja da wayarki a hannu, ki nemi mai shago ya jona ta da kwamfutarsa a gabanki kafin ki biya. Wanda ya ƙi yarda da wannan gwaji, ki bar masa kayansa.

Ko da igiya mai kyau, wayar Android ba ta buɗe wa kwamfuta ƙofa sai an ba ta izini. Bayan kin jona, ki cire makullin allo, ki jawo sanarwar da ke sama, ki zaɓi tura fayiloli maimakon caji. Hotunan kyamara suna cikin folda mai suna DCIM. Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: ki kwafa, ki buɗe wasu daga cikin hotunan a kwamfutar ki tabbatar sun iso lafiya, sannan ki goge na waya. Idan aka ɗauke wuta ko igiya ta motsa ana tsakiyar aiki, wasu fayilolin kan lalace, kuma hoton kayan da aka riga aka sayar ba ya sake ɗaukuwa.

Filas yana da amfani a matsayin wurin ajiya na biyu, musamman mai baki biyu wanda ke shiga waya da kwamfuta. Sai dai jabu sun yi yawa, ana rubuta 128GB a jikinsu alhali abin da suke iya riƙewa bai kai kusa da haka ba, don haka arhar da ta wuce hankali alamar haɗari ce.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Idi-Araba. Ba zan iya turawa ba tare da igiya ba?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Manhajar Quick Share tana aiki tsakanin Android da Windows, kuma ta fi Bluetooth sauri nesa ba kusa ba. Google Drive na ba da 15GB kyauta, amma yana cin data. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka aika hoton a matsayin takarda (Document), domin in ba haka ba yakan matse shi ya rage masa kyau.