Motar dizal ta rasa ƙarfi bayan an cika mata baƙin mai

Ɗan'uwa, ka ce tun da aka yi juyen baƙin mai aka zarce alamar sama ta geji (sandar auna mai) da kusan lita 1, tsohuwar motarka ta dizal ke nishi a Hawan Kibo, doguwar hawan nan ta hanyar Jos, tana fitar da shuɗin hayaƙi. Don Allah ka ajiye ta tukuna.

In mai ya yi yawa, karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana kaɗa shi ya yi kumfa, sai ya bi tiyon numfashin inji ya shiga hanyar iska. Inji ya shaƙe kenan. Ga Jos tudu ce, kusan mita 1,200, dama iskarmu ba kauri.

Ka faka a shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya huce, a rage man ya dawo tsakanin alamomi biyu na gejin. Sannan bakanike ya cire tiyon tobo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) ya zura yatsa. Ɗan maiƙo ba komai, amma in mai ya kwanta, a wanke har intakula, mai sanyaya iskar da tobo ke turawa, a canza filtar iska in ta jiƙe.

Abin da nake ji maka tsoro: injin dizal yana iya kama shan baƙin mansa, ya yi ta ƙugi ko ka zare makulli. In hakan ta faru, danne birki, sa babbar giya, saki kuloci ya mutu.