Amsa ga mai shirin komawa Manchester da iyali

Ɗan uwa, ka ce wata biyu ya rage ku tashi, kana tambayar me za ka fara da shi. Gida, wallahi gida! Kar ka tura wa kowa ko sisi kan hoton ɗaki da ka gani a Facebook, ƴan damfara sun yi yawa, gara ku sauka wajen wani na sati biyu ka je ka gani da idonka, ka duba bango ko akwai danshi da baƙin fumfuna don garin ruwan sama ba ya ƙarewa. A doka kuɗin ajiya na haya ba ya wuce na sati 5, sannan akwai harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, ban da kuɗin wuta da gas, ka sa su a lissafi tun yanzu.

Kilishi kam a bar shi a gida, an hana shiga da nama. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa dai hajiya ta ɗaure su da kyau. Naman halal ba matsala, unguwannin Longsight da Cheetham Hill cike suke da shi.

Kuna isa ku yi rijista da likitan unguwa, kyauta ne. Rigunan sanyi can za ka saya wa yara, a Disamba kafin ƙarfe 4 duhu ya fara.