Muryar da aka tura a guruf kan batun rage haraji da tallafi

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari tambayarki, wato idan gwamnati ta ce za ta rage harajin albashi kuma ta ba gidaje tallafin tsadar rayuwa, shin ma'aikaci zai gani a aljihunsa, kuma wanne ya fi. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Da farko dai, shawara ce tukuna. Sai majalisa ta amince, an sa hannu, an sa ranar fara aiki. Kada kowa ya ci bashi a kanta.

To, shi harajin albashi hawa-hawa ne. Akwai wani adadi a ƙasa da ba a taɓa shi, abin da ya ɗara shi ne ake yanka, kuma kowane hawa da kasonsa. Masu cewa idan aka ƙara musu albashi suka shiga hawa na gaba za a yanki dukan kuɗinsu da sabon kaso, a'a, abin da ya hau kawai ake yanka da shi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ragi yana amfanar wanda dama yake biya ne. Ku duba abin da Ostareliya ta yi daga 1 ga Yulin 2024. Hawan farko an sauke shi daga kashi 19 zuwa 16, na biyu daga 32.5 zuwa 30. Mai samun dalarsu 45,000 a shekara ya tsira da dala 804. Mai samun 190,000 ya tsira da sama da 4,500. Wanda ke ƙasa da 18,200 fa? Ko sisi, don dama ba a yankar masa komai. Ga shi kuwa shi ne tsadar ta fi kamawa a wuya. Shi ya sa suka haɗa da dala 300 ga kowane gida, ana cirewa daga kuɗin wutar lantarki. To amma wannan na shekara ɗaya aka yi shi, sai gwamnati ta ga dama ta sabunta, shi kuwa ragin haraji yana cikin doka.

Jamus ta yi wata dabara a Satumbar 2022 da ni dai ta burge ni. Ta ba ma'aikata Yuro 300, amma ta sa haraji a kansa. Da jin haka za ki ce rowa ce, ko? Sai dai hakan ya sa mai ƙaramin albashi ya riƙe kusan duka, mai babba kuma ya mayar da wani kaso mai tsoka.

Sannan abin da na fi so ku sa wa ido, wanda ba a cika faɗa a jawabin kasafin kuɗi ba, shi ne ko adadin nan da ba a taɓawa zai riƙa hawa tare da farashin kaya. A Birtaniya an tsayar da shi a fam 12,570 tun 2021, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 11 a Oktoban 2022. An ƙara wa mutane albashi don su rage zafi, sai ƙarin ya faɗa cikin haraji. Ba wanda ya fito ya ce ya ƙara haraji, amma an ƙara. Idan gwamnati ta rage kaso ta bar wannan adadi a tsaye, nan da ƴan shekaru ta karɓe abinta.

Saboda haka Hajiya, idan albashinki na ƙasa ne, tallafin ya fi shafarki, ki bincika ko sai an cike takarda ko kai tsaye yake zuwa. Idan kuma ana yankar ki sosai, ɗauko takardar albashinki ta wannan watan ki ajiye, ki gwada da ta watan da dokar ta fara aiki. Wanda lissafin ya rikice masa ya yi min magana ta gefe, ba sai ya turo albashinsa nan guruf ba.