Kafin ka sayi monita, ka sa a juya maka bayanta

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka, inda ka ce kana neman monita mai faɗi wadda ba za ta ƙarar maka da aljihu ba, ka yi aiki da laftof da rana, da dare kuma ka jona dikoda ko PlayStation. Na ga wasu har sun ce maka ka ɗauki mafi girma da kuɗinka zai iya saya. To ni dai ban goyi bayan wannan ba. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

In ka je, tun kafin a kunna maka ita, ka ce a juya maka bayanta ka ga ramukan. Don Allah kar ka ji kunyar wannan. Abin da kake nema shi ne ramin HDMI, kuma guda biyu, tunda na'ura biyu za ka jona. In ɗaya ne, kullum kana cikin zare waya da mayarwa ke nan, kuma a hankali ramin nan zai iya saki, hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Za ka ga wani rami shuɗi mai ƙananan huji 15, da wurin ɗaure sukuru biyu a gefe. Wannan VGA ne, tsohon yayi, hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti, kuma rubutu ba ya fita tas kamar na HDMI. In monita VGA kaɗai gare ta, ko nawa aka rage maka, bar ta. Za a ce maka ai akwai adafta. E akwai, amma ƙarin kuɗi ne, ƙarin abin lalacewa ne, kuma wani fim ɗin da aka kulle da kariyar HDCP, wato mai hana kwafar fim, zai iya ƙin fitowa sam.

Akwai kuma DisplayPort, yana kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce a yanke. Yana da kyau ƙwarai ga kwamfuta, sai dai dikoda da PlayStation ba su da shi, saboda haka kar a lissafa maka shi a matsayin HDMI na biyu. In kuma laftof ɗinka siriri ne mai USB-C kawai, ka bincika, domin ba kowane ramin USB-C ne yake fitar da hoto ba, wani caji da fayil kawai yake yi.

To, yanzu maganar girma, wadda ita ce ta sa na ɗauki wayar ma. Inci ba shi ne kyawun hoto ba, ka gane? Hoto ɗigo-ɗigo ne, fiksel. Full HD na nufin 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In aka zuba wannan adadin a allo mai inci 24, kowane inci yana samun ɗigo wajen 92, rubutu ya fito tsaf. In aka zuba shi a inci 27, ya sauka wajen 82. In aka kai shi inci 32, ƙasa da 70 ke nan. Ɗigon bai ƙaru ba, baza shi kawai aka yi, kamar ka ja roba mai rubutu a jiki. Daga nesa, kana kallon ƙwallo, ba za ka lura ba. Amma kai da za ka zauna gab da ita kana karatu da rubutu, za ka ga gefen haruffa yana tsage-tsage, idonka ya gaji tun kafin aikin ya yi nisa. Shi ya sa ga mai lissafin kuɗinsa, ni inci 24 mai 1920 da 1080 nake ba da shawara. In ranka ya kafe a kan 27, to ka nemi mai 2560 da 1440, wannan yana ba da wajen 109 a inci. Kuma ka lura da rubutun kwali, in ka ga HD kawai ba Full ba, sau da yawa 1366 da 768 ne. Ka nemi lambar da idonka.

Masu faɗi sosai ɗin nan kuwa, 21:9, wato faɗi 21 a kan tsayi 9, suna da daɗin aiki, ka buɗe takardu biyu gefe da gefe. Amma dikodarka 16:9 take fitarwa, sai ka ga baƙi dama da hagu, ko a ja hoton fuskokin mutane su baje. Don abin da ka ce za ka yi, tsaya a 16:9. 4K ma, wato mai ɗigo ninki huɗu na Full HD, ban ga ya zama dole a gare ka ba. In dai ka ci karo da ita da sauƙi, ka tabbata HDMI ɗinta 2.0 ne aƙalla, domin 1.4 sau 30 kawai yake sabunta hoton 4K a sakan, kibiyar maus ma za ka ga tana jan ƙafa.

Sai nau'in gilashin. TN ya fi araha, amma ka ɗan sunkuya ka kalle shi daga ƙasa, za ka ga launi ya juye, fuska ta yi duhu. IPS ba ya haka, ko daga gefe ka tsaya launin yana nan, shi ne zaɓina. VA kuma baƙinsa ya fi zurfi, mai son fim cikin duhu zai ji daɗinsa. Miliyoyin da ake rubutawa a kwali na bambancin haske da duhu, kar su ɗauke maka hankali, na ainihi a IPS wajen 1000 ne, a VA wajen 3000.

Af, sauti. Wannan yana ba mutane haushi bayan sun kai gida. HDMI yana kawo sautin, amma monita da yawa ba su da sifika. Ka duba ko tana da ita, ko aƙalla ƙaramin ramin iyafis da za ka jona sifika ta waje. Rimot ma yawanci babu, da maɓallin jikinta za ka riƙa sauyawa daga laftof zuwa dikoda.

Ranar sayen, ka tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI taka. Ka gwada ramukan duka biyun. Ka cika allon da fari, sannan baƙi, sannan ja, kore, shuɗi, ka matso da fuskarka kana bin kusurwa-kusurwa. Ɗigon da ya mutu zai tsaya baƙi a kan farin, wanda ya maƙale kuma zai yi ta ƙyalli a kan baƙin. Ka tambayi garanti a rubuce, har da ko ana canzawa saboda ɗigo ɗaya, don ba kowane kamfani ne yake yarda ba.

Ka turo min hoton gefen laftof ɗin naka da bayan dikodar a nan gurup, in ga ramukan, sai in faɗa maka wayar da za ka haɗa da ita. Sai na ji ka.